Hular da ta haɗa faɗan dangi

Da ƙanwata ta haihu a tsakiyar hunturu, na ci alwashin gudummawata hular ulu ce saƙar hannuna, ba ta kasuwa ba. Jikin hular ya yi kyau, biyu gaba biyu baya, irin saƙar nan mai miƙewa ta koma. Layin farko kuwa, na ɗora zare a kan tsinke, na yi shi ta hanyar doguwar jela da masu saƙa suka saba, wato a bar dogon bakin zare a haɗa da shi wajen ɗora madaukai. Ni kuma hannuna akwai ja. Kowane madauki sai na tamke shi tam, na matso da shi jikin ɗan'uwansa.

Ranar suna aka zo sa wa jariri. Hula ta hau tsakar ka, ta ce nan ta tsaya. Gwaggo ta ja nan, ta ja can, yaro ya tsala ihu. Sai ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, hularki ba ta da laifi, kan gidan ubansa ya ɗauko." Ashe kakarsa ta wajen uba tana zaune a bayanta. Kafin a raba tuwo an tono girman kan kakannin kowa, har da waɗanda suka rasu tun kafin a haife ni. Na lallaɓa na cusa hular a jaka, na shiga sahun masu ba da haƙuri.

A YouTube na ci karo da wata hanyar ɗora layin farko mai suna murɗin Jamus, wadda wasu ke dangantawa da Norway. Ana riƙe zaren a babban yatsa da manuniya kamar mai shirin harba danƙo, tsinken ya bi ta ƙarƙashin zare biyun da ke babban yatsa, ya komo ta tsakaninsu, sannan ya ɗauko na manuniya. Wannan zagayen yana barin ƙarin murɗi a gindin kowane madauki, shi ke ba bakin hula damar buɗewa. Masu saƙa safa daga sama sun san daɗinsa, don sai bakin ya wuce dunduniya. Sai dai akwai cin zare. Jelar da aka saba aunawa ninki uku na faɗin abin ba ta kai ni ba, saura madaukai kaɗan sai ta ƙare, aka koma warwara.

Da na tashi sake saƙa hular, tsoron Gwaggo ya sa na haɗa duk dabarun da na ji: murɗin Jamus, a kan tsinke biyu a haɗe, ga tazara tsakanin madaukai, har na ƙara yawansu.

Da asuba na nemi hular na rasa. Can sai ga maigida ya dawo daga masallaci da ita a kansa, ta rufe kunnuwa, ga tuntun ruwan hoda yana lilo. "Maman yara, wannan karon kin iya awo," in ji shi.

Jiya ƙanwata ta kira: "Yaya, hular dai? Zafi fa ya shigo, yaro har ya fara zama." Na ce ta auno min kansa da zare, amma ta kulle ɗaki tukuna, kada surukarta ta gani.