Auren zumunci: a ƙirga nisan jinin, a yi gwaji tun da wuri

Duk sanda aka tayar da maganar auren zumunci a gidan rediyo ko a majalisar unguwa, nan take mutane ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce shi ya cika asibitoci da yara masu sikila, a hana shi kowa ya huta. Wasu su ce abin da Allah ya halatta babu mai haramta shi, iyaye da kakanni sun yi tuwona maina kuma sun zauna lafiya. Abin da ke damuna shi ne ɓangarorin biyu suna zuba dangi na kusa da na nesa a ƙwarya ɗaya, alhali tazarar da ke tsakaninsu babba ce, kuma ana iya ƙirga ta.

Kowane mutum yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uba, rabi daga uwa. Wa da ƙane 'yan ɗaki ɗaya sun yi tarayya a kusan rabi. 'Ya'yansu, ko 'yan maza zar ne, ko 'yan mata zar, ko ɗan mace da ɗan namiji masu wasan taubasantaka, tarayyarsu kashi 1 cikin 8 ce. Idan aka sauko hawa ɗaya, wato iyayen saurayi da budurwa ne ke da kaka ɗaya, ta koma 1 cikin 32. A ƙara saukowa, kakanninsu ne masu kaka ɗaya, sai ta zama 1 cikin 128, ba ta ma kai kashi 1 cikin 100 ba. Gidajenmu na mata da yawa suna ƙara canza lissafin: idan iyayen 'yan uba ne, kowane adadi a nan sai a raba shi biyu. Idan kuwa wa da ƙane suka auri ya da ƙanwa, 'ya'yan ɗakunan biyu sun yi tarayya a kashi 1 cikin 4, daidai da 'yan uba. Duk waɗannan "auren gida" muke ce musu, amma ta fuskar lafiya ba tafiyarsu ɗaya ba.

Dangi na nesa, a gaskiya, kusan bare ne a wajen likita. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila da mijinta Philip, da suka yi aure a 1947, dukkansu zuriyar Sarauniya Victoria ce a wannan hawa na uku, kuma ban ga dalilin da zai sa a ɗaga wa irin wannan aure gira ba. A ƙasar Iceland, inda suke da rubutaccen tarihin nasaba na ƙarnoni, wani bincike da aka wallafa a 2008 ya gano cewa ma'auratan da ke da irin wannan dangantaka mai nisa, hawa na uku da na huɗu, su suka fi kowa yawan jikoki. Saboda haka yarinyar da ta ƙi saurayi mai hankali don kawai kakarsa da kakanta sun haɗa kaka, tana gudun abin da babu shi ne.

Na kusa fa? A nan ma a faɗi gaskiya yadda take, ba ragi ba ƙari. A birnin Bradford na Ingila, inda 'yan asalin Pakistan ke yawan auren 'yan uwa, an bibiyi jarirai fiye da 11,000, aka fitar da sakamakon a 2013. Haɗarin haihuwar jariri da nakasa ya tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 zuwa kusan 6 idan iyayen masu kaka ɗaya ne. Ninki biyu ne, kuma ba abin rainawa ba ne ga uwar da abin ya faɗa wa. Amma ma'anarsa kuma ita ce 94 cikin 100 an haife su lafiya. Wanda ke ce wa mutane duk auren zumunci nakasassu yake haifarwa, to tsohuwar da ta aurar da 'ya'ya goma a gida tana kallon jikokinta suna guje-guje ba za ta saurare shi ba, kuma tana da hujja.

Inda abin ke yin muni shi ne maimaitawa. Kaka ta auri ɗan baffanta, 'yarta ta auri ɗan gwaggonta, jika ma a ce ba za ta fita waje ba. Kowane zagaye yana ƙara matse jinin, har 'yan uwan da a baki masu kaka ɗaya ne su zama sun fi haka kusa sosai. Gidan sarautar Habsburg na Sifaniya haka ya yi ta yi wajen shekara 200 don kada mulki ya bar gida. Sarkinsu na ƙarshe, Charles na Biyu, mahaifinsa 'yar ƙanwarsa ya aura, a kan tarin auratayyar da ta gabata. Masanan da suka bi nasabarsa sun tarar matsewar jininsa ta kai ta wanda wa da ƙanwa suka haifa. Ya rayu cikin jinya, ya mutu a 1700 yana ɗan shekara 38 ba tare da magaji ba. Gidajen da ke tsare dukiya ko garke ko sarauta ta hanyar hana 'ya'ya fita su ya kamata su tsaya su yi tunani, fiye da wanda ya yi auren gida sau ɗaya a zuriya.

Sai batun sikila, wanda a nan ne nake ganin mun fi ruɗewa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita kowace shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar cutar daga ɓangare ɗaya kawai, uba ko uwa, ba tare da ya zama mai sikila ba. Idan abu ya yaɗu haka, baren da ka auro daga wata jiha ma zai iya zama AS. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar, amma ya fi tasiri a cututtukan gado da ba su da yawa a cikin jama'a, kamar wasu nau'o'in kurumta, inda da wuya bare biyu su zo da irin ƙwaya ɗaya. Ga sikila kam, ɗan baffa mai AA ya fi baƙo mai AS aminci ga yarinya mai AS. Kuma idan AS biyu suka haɗu, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato sikila. Ba wai ɗa na huɗu ne zai kamu ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Ana iya jera uku, ana iya tsallakewa gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti lokacin hunturu ya san abin da ake magana a kai. Yaro ɗan shekara shida yana murƙususu, idanu sun yi rawaya, ko taɓa ƙafarsa aka yi sai ya ƙwala ihu. Uwa na riƙe da hannun da aka sa wa ƙarin ruwa don kada ya fizge, uba yana waje da waya a kunne yana neman wanda zai ba da jini da tsakar dare. Da yawa cikin iyayen nan ba su haɗa ko gari ba kafin aure.

Ta fuskar addini babu ruɗani. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta jera matan da aka haramta, 'yar baffa da 'yar kawu ba sa ciki. Manzon Allah (SAW) ya auri Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa, ya kuma aurar da Nana Fatima ga Sayyidina Ali, ɗan baffansa. Don haka hanyar da Norway ta bi a 2024 ta haramta auren masu kaka ɗaya da doka ba za ta karɓu a nan ba, ni ma ba na goyon bayanta. Sai dai halal daban, wajibi daban. Malamai da dama na mazhabar Shafi'iyya da Hambaliyya sun fi son mutum ya auro daga nesa, wasunsu ma sun kafa dalili da cewa idan aka rabu, zumunci ne zai tsinke.

Wannan dalili na ƙarshe mun san shi da idonmu. "Yaya, na ba wa ɗanka ita," in ji ƙane tun yarinya tana zanin goyo. Shekara goma sha takwas baya, yarinya ta ce ba ta so, sai a ce za ta kunyata Baba, za ta raba 'yan uwa. Ta shiga a kan dole. Idan zama ya ƙi, ba ta da inda za ta kai kuka, domin surukinta baffanta ne, waliyyinta kuma baffan mijin ne. Ranar da saki ya faɗo, wa da ƙane su daina gaisawa, a raba zuwa suna da ta'aziyya. Auren da aka ƙulla don a ƙara danƙon zumunci shi ya wargaza shi, kuma tilas ce ta jawo, ba jini ba.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da na jinotayif. Saudiyya ta fara irin wannan tun 2004. Mataki ne mai kyau, amma takardar da aka karɓo ana saura mako biyu ɗaurin aure, an kai lefe, an raba goro da katin gayyata, ba ta cika hana komai ba. A auren gida abin ya fi wuya, don janyewa a lokacin kamar cin fuskar ɗan uwa ne, sai a rufe sakamakon a ce Allah zai kiyaye. Lokacin gwaji shi ne tun yara suna makaranta, kowa ya san AA ne shi ko AS kafin wani ya yi wa wani alkawari. Uban da ke son haɗa 'yarsa da ɗan wansa ya fara duba sau nawa aka yi hakan a gidansu a baya, ya tuna ko akwai kurumta ko yawan mutuwar jarirai a zuriyar, ya ga takardun gwajin yaran biyu, sannan ya sa mahaifiyarta ta tambaye ta a ɗaki, ba a gaban baffanninta ba.