Waye na shida? Aikin banzan da na daina rainawa

Jiya wajen ƙarfe ɗayan dare uwargida ta farka ta same ni na ƙura wa waya ido, ina zuƙo wani tsohon hoton gidanmu ina mayarwa, ta ce "Baban Ummi, wai har yanzu mutumin nan ne?" Na ce shi ne. Ta ja tsaki ta juya, ta ce Allah ya ba ka aikin yi. Ban tanka ba, don wallahi ni ma da bakina na taɓa faɗa wa wasu wannan maganar, kuma Turawa na faɗa wa, waɗanda ba su ma san ina yi ba.

Bari in fara da nasu kafin in zo kan namu.

A farkon 2020 wani mutum ɗan ƙasar Finland ya ɗauki hoton labulen gidansu ya saka a Reddit, wani dandalin tattaunawa na intanet. Yadin labulen tsoho ne, an zana fuskokin mutane takwas a jiki ana ta maimaita su, irin zanen nan mai launi biyu da ba ka ganin komai sai inuwar ido da hanci da gashi. Ya ce jama'a ku taya ni, su waye waɗannan? Nan da nan aka gano bakwai, duk taurari ne na wajen shekarun 2000, su Jessica Alba da Orlando Bloom da Adriana Lima da Josh Holloway, kuma ba sunan kawai ba, har ainihin hoton da aka kwaikwaya aka yi zanen sai da aka zaƙulo na kowannensu. Saura mutum ɗaya, wanda aka sa wa lamba shida. Shikenan fa, magana ta tsaya cak. Aka rasa gane ko mace ce ko namiji, wasu su ce Olivia Wilde ce, wasu su rantse Brad Pitt ne lokacin yana da dogon gashi, aka buɗe wa abin zaure nasa na kansa, dubban mutane suka shiga, ana bin tsofaffin mujallu shafi-shafi, ana bin diddigin kantin da ya sayar da yadin, ana rubuta wa masu sana'ar yadi wasiƙa. Shekara huɗu da ɗoriya ana wannan abu saboda labule.

Lokacin da na fara jin labarin dariya na yi, na ce ƙoshi ne. Wanda wuta ba ta ɗauke masa, data ba ta ƙare masa, tukunyarsa na kan wuta, ai dole ya nemi abin da zai dame shi.

Sai a watan Satumba na 2024 aka warware. Wani ya ɗauki zanen ya sa masa launin fata yadda zai yi kama da hoton mutum, ya jefa a PimEyes, manhajar nan mai neman fuska a intanet, sai ga sunan wata mai tallan kayan ƙawa 'yar Sifen tana ta fitowa, Leticia Sardá. Toh a nan ne abin ya fara burge ni, don ba a tsaya a "ta yi kama da ita" ba. Wani ya bi sawu har ya samu mai ɗaukar hoton da ya taɓa aiki da ita, Leandre Escorsell, ya tura masa zanen, mutumin ya gane aikinsa, hoto ne da ya ɗauka a 2006 don wata mujallar Sifen mai suna Woman. Aka fito da ainihin hoton, aka ɗora kan zanen, komai ya zauna daram. Duk da haka wasu suka ce ƙarya ne, kwamfuta ce ta haɗa hoton, sai da matar da kanta ta fito riƙe da hoton a hannu kafin aka yi shiru. Ita kuwa baiwar Allah tana can tsibirin Tenerife tana aikinta a wani shagon shan gahawa, ta daɗe da barin talla, ba ta ma san duniya na nemanta ba.

Yanzu namu. Bayan rasuwar Kaka da aka zo buɗe adakarta, a ƙasan zannuwa aka tarar da wani hoto mara kala, gefe ɗaya ruwa ya taɓa shi. Maza biyar ne tsaye gaban wata babbar mota an lafta mata buhuna. Huɗu an san su, akwai kakanmu na wajen uba yana saurayi, da ƙaninsa, da abokan cinikinsu biyu da manyan gida suka gane take. Na biyar ɗin yana can gefe, dogo, da agogo a hannu, ya dafa kafaɗar kakanmu irin dafawar da ba ka yi wa baƙo. Babu wanda ya san shi. Yaya ce ta ɗauka ta jefa a guruf ɗin gida na WhatsApp ta rubuta "wa ya san wannan?" kuma tun ranar guruf ɗin da a da ba abin da ake turowa sai barka da Juma'a da katin biki ya koma ofishin bincike.

Ni abin ya tuna min da ƙuruciya, lokacin da ake zama a tsakar gida bayan isha'i a ce ƙulun ƙulufit, kowa na rige-rigen amsa, in an kasa a ce a ba ni gari. Bambancin kawai wannan karon babu mai amsar a hannu, wadda za a ba garin tana kabari.

Abin da ya fara ba mu haske bayan hoton ne. An rubuta 2/6 da fensir, yaran gidan suka ce kwanan wata ne, biyu ga watan shida, sai Kawu ya turo murya yana dariya ya ce kai 'yan zamani, sule biyu da sisi ne wannan, kuɗin wankin hoton. Naira kuwa a Janairun 1973 ta shigo, kenan hoton ya girmi 1973. Wani ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya ya lura sitiyarin motar a dama yake, ya ce ai sai a Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, Kawu ya ce wannan ba hujja ba ce sosai don tsofaffin motoci sun daɗe suna yawo bayan canjin, amma dai ya ƙara nauyi. Kun ga yadda abin yake? Yaro ya san abin da dattijo bai lura da shi ba, dattijo ya san abin da ba a rubuta a ko'ina ba, kuma babu ɗayansu da zai kai ko'ina shi kaɗai.

Sai kuma aka zo inda aka kusa ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Wani ɗan'uwanmu, ba zan faɗi ko waye ba ya san kansa, ya tashi da safe ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya gane mutumin, wane ne, wanda aka ce ya gudu da kuɗin kakanmu. Hujjarsa? Hanci. Wai hancin iri ɗaya ne da na jikokin mutumin. Kafin azahar har an yi sikirinshot an fitar daga guruf, kafin la'asar maganar ta isa gidan mutanen, kuma mutanen nan akwai auratayya tsakaninmu. Sai da Gwaggo ta kira shi ta ce "kai wane, wanda kake faɗa gajere ne kamar turmi, da idona na san shi, ka je ka ba su haƙuri tun kafin in ci maka mutunci." Ya je ya bayar, amma har yau gaisuwar ba ta koma daidai ba.

Wannan shi ne ra'ayina, kuma shi ya sa na daina raina masu labule. Abin da suka kwashe shekara huɗu suna yi shi ne ƙin yarda da kama. Sunaye nawa aka kawo musu, kowanne da masu rantsuwa a kai, suka ce a'a, kawo ainihin hoton mu ɗora mu gani. Mu kuwa fa? Hoto zai shigo waya an rubuta a ƙasa ga abin da ya faru yau a gari kaza, babu mai tambayar wace irin lambar mota ce a ciki, wane harshe ne a jikin allon shagon, damina ce ko rani, kawai a danna a tura guruf goma da "innalillahi". Kama da wane ba ta wane, mu muka gaji karin maganar amma wasu ke aiki da ita.

Kuma kada wani ya ce min ai wasa ne, wasa ba ya maganin komai. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya zagaya, sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba, suka rufe musu ido suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta fito ta ce labarin ƙarya ne, wasu na cewa ma a Mali aka yi. Sashen BBC Africa Eye tare da Amnesty da wasu masu bincike na sa-kai da ke warwatse a ƙasashe daban-daban suka zauna kan bidiyon da irin wannan naci na masu labule. Suka zana layin duwatsun da ke bayan mutanen suka yi ta gwadawa a manhajar taswira ta Google Earth har ya dace da wani wuri kusa da Zelevet, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, dab da iyakar Najeriya. Suka duba gine-ginen da ke tsaye da waɗanda ba a gina ba tukuna a hotunan tauraron ɗan'adam, suka auna inuwar sojojin a ƙasa kamar yadda tsofaffinmu ke duba inuwa su san azahar ta yi, suka ce tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015 aka yi abin. Har bindigar suka gane, Zastava M21 ƙirar Sabiya. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma, na biyar shekara biyu. Kana iya cewa hukuncin ya yi kaɗan, ni ma haka na gani, amma ba don dutse da inuwa ba da har yau ana cewa Mali ce.

Sai dai ba zan yi muku ƙarya in ce taron jama'a kullum alheri yake haifarwa ba, ɗan'uwan nan namu mai hanci yana da 'yan'uwa a duk duniya. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a Afrilun 2013, a Reddit ɗin nan dai aka taru ana zagaye fuskokin mutane da jan layi, aka ɗora laifin kan wani ɗalibi da ya ɓace wata guda kafin harin, aka hana iyayensa sakat da kira da zagi alhali suna cikin neman ɗansu. Ba shi da hannu ko kaɗan, daga baya gawarsa aka tsinta a ruwa, shugabannin Reddit suka fito suna ba da haƙuri. Haƙurin me, bayan an gama? Kuma ita kanta manhajar da ta nemo Leticia tana ɗan tayar min da hankali in na tuna, don abin da ya iya gano mace daga zanen labule zai iya gano ƙanwarka daga hoton biki da wani ya ɗauka ba ta sani ba. Shi ya sa da aka ce mu saka hotonmu a Facebook duniya ta taya mu, na ce a dakata tukuna, mutumin nan yana da jikoki a wani wuri, ba mu san me za a rubuta a ƙarƙashin fuskarsa ba.

Wani abin dariya, ƙaramin ƙanena ya ce a bar masa, zai sa manhaja ta gyara fuskar ta fito tas. Ya dawo mana da wani kyakkyawan saurayi mai sumul ɗin kumatu kamar ɗan fim, kowa na ta masha Allah. Gwaggo da aka kai mata wayar ta ce a mayar mata da na farkon. Ta sa tabarau, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce waɗannan layukan na kumatunsa da kuka goge kuna cewa tsufan takarda ne, tsaga ce, kuma irin ta Barebari ce. Manhajar ta ɗauka datti ne ta share abu ɗaya tilo da zai kai mu gidansu.

Daga nan Kawu ya tuna kakanmu ya yi shekaru yana sayen gyaɗa ta wajen Nguru, inda layin dogon da ya tashi daga Kano ya ƙare, kuma wai akwai wani tsohon direba a can da ya yi musu aiki yana yaron mota, an ce yana nan da ransa sai dai ido ya yi rauni. An wanko hoton babba a kati, an sa a ambulan. Kawu ya ce bayan sallah zai shiga mota ya je da kansa, don irin wannan tambayar ba a yi wa dattijo ita ta waya.

Uwargida da ke cewa Allah ya ba ni aikin yi, ɗazu da safe tana zuba min koko ta ce wai in tambayi Kawu ko ya duba agogon hannun mutumin da kyau, don ita a ganinta irin wanda aka samu a adakar Kaka ne.