Ga Mai Horon Faɗa da Aka Ci wa Mutunci Ya Haɗiye

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karate, judo da taekwando. Wannan nasihar tamu ce.

Akwai wani kaye da ba a koyar da shi a filin horo. Mutum ya sha gabanka a layi, ka yi magana, ya zazzage maka rashin mutunci a bainar jama'a. Kai kuwa tuni ka auna shi da ido: tsayuwarsa ba ta da gindi, haƙarƙarinsa a buɗe, shara ɗaya zai sha ƙasa. Ka haɗiye ka wuce, wasu har da dariya. Da dare barci ya ƙaurace, zuciya na ta zuga ka: "Ina amfanin baƙar ɗamarar? Da ma ka kwashe masa ƙafa."

Mun san mai wannan muryar. A hadisin Muslim, Annabi (SAW) ya yabi mumini mai ƙarfi, kuma a cikin hadisin nan ya hana cewa "da na yi kaza", domin tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Sai dai a ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so Ya aikata. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ƙaƙƙarfa ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Abin mamaki, faɗuwa ba baƙuwarmu ba ce. A judon da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, faɗuwar ake fara koya wa sabon shiga: ya soke haɓa a ƙirji, ya bugi tabarma da hannu, ya miƙe. In aka shaƙe ka, ka bubbuga, a sake ka, ba wanda ya ce ka zubar da girma. To me ya sa a titi kaɗai take zama abin kunya?

Haɗiyewa ba hasara ba ce. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Suhailu ɗan Amru, wakilin Ƙuraishawa, ya ƙi yarda a rubuta "Manzon Allah" a takardar sulhu, aka goge. Sahabbai suka juya Madina ba su yi umara ba, ran Sayyidina Umar a ɓace. A hanyar komawar aka saukar da Suratul Fathi, bayan shekara biyu aka buɗe Makka da nasara.

Kare rai da iyali daban ne, shari'a ta ba ka dama. Amma zagi? Naushin wanda ya ƙware ba irin na kowa ba ne, mutum na iya buga ƙeya a kwalta ya tafi ke nan, a bar ka da alhakin rai saboda layi.

Wani lokacin ma, mu faɗi gaskiya, shi ne mai gaskiya a gardamar, girman kai ne kawai ke yi mana ciwo. In haka ne, ka koma ka ba shi haƙuri. In kuwa kai aka zalunta, ka nemi tsari daga Shaiɗan, in kana tsaye ka zauna kamar yadda sunna ta koyar, sauran zafin ka kai shi wurin horo ka sauke a kan buhun naushi.