Idan dutse ya faɗo daga sama, yunwa ce za ta fi kisa

'Yan'uwa, finafinan da ke nuna ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya hallaka duniya suna da ƙamshin gaskiya, amma sun ɗora tsoron inda bai kamata ba. Su gobara da ambaliyar teku suka iya nunawa. Ni kuwa abin da ke tayar min da hankali shi ne gona.

Girman dutsen ne farkon magana. Wanda ya tarwatse a saman Chelyabinsk ta Rasha a 2013, faɗinsa kimanin mita 20 ne. Ya farfasa tagogi, ya raunata mutum kusan 1,500, amma yanayin duniya ko gezau.

Na Chicxulub a Meziko, shekara miliyan 66 da suka wuce, shi kam ya kai kilomita 10, kuma ya dira kan duwatsu masu cike da farar wuta. Ƙura da toka da hayaƙin farar wutar suka haye can ƙololuwar sama, inda ruwa ba ya kaiwa balle ya wanke su, suka tare rana. Ku tuna ranar da hazo ya yi kauri har kana iya kallon rana da ido. To wannan ya fi shi duhu nesa ba kusa ba, kuma shekaru ya kwashe. Tsirrai suka daina girma, masu cin ciyawa suka mutu, masu cin nama suka bi su. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare.

Wanda ke ganin labarin ya yi nisa, ya dubi Tambora. Dutse ne mai aman wuta a Indonesiya, ya fashe a 1815. A shekarar da ta biyo baya dusar ƙanƙara ta zuba cikin watan Yuni a arewa maso gabashin Amurka, amfanin gona ya lalace a Turai, abinci ya yi tsada. Irin hayaƙin da Tambora ya fitar, kamar na Chicxulub, yana sanyaya ƙasa, damina ta yi rauni. Mu da geronmu da dawarmu suka dogara ga ruwan wata uku zuwa huɗu, wallahi damina biyu kawai muka rasa a jere, rumbu ya zama wayam.

Shi ya sa na yi murna da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kai wa wani dutsen sararin samaniya mai suna Dimorphos karo da kumbon DART a 2022, ta kuma sauya masa tafiya. Sai dai dabarar ba ta aiki sai an hango dutsen tun da sauran shekaru, don haka kuɗin da ake kashewa kan na'urorin hangen nesa ban taɓa ɗaukarsu asara ba.