Karatun shekara biyu, albashin matatar mai

Tun 2019 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ke wallafa amsar tambayar da kowane uba ke yi kafin ya saki kuɗinsa: wanda ya karanta kwas kaza a makaranta kaza, nawa yake ɗauka yanzu, nawa kuma ake binsa? A shafinta na College Scorecard take zuba alƙaluman, kuma daga takardun haraji ake ciro albashin, don haka makaranta ba ta da damar shafa wa kanta mai. Wanda ya leƙa ɓangaren kwalejojin al'umma, waɗanda ake gama karatunsu a shekara biyu kamar ND ta wurinmu, zai ci karo da wani kwas da sunansa ba ya ɗaukar ido: horon ma'aikatan fasaha na kimiyyar sinadarai da dangoginta. A wasu kwalejojin, masu wannan shaida suna ɗaukar abin da masu digirin shekara huɗu da yawa ba su kai ba, bashinsu kuma bai taka kara ya karya ba.

Ɓangaren bashin shi ne mai sauƙin fahimta. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan yankin ya kama kusan dala 4,000 a shekara. Jami'ar gwamnati kuwa ta haura dala 11,000 ga ɗan jiha, mai zaman kanta ta wuce dala 40,000. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke ba 'ya'yan marasa ƙarfi kyauta, yana kaiwa dala 7,395, wato ya rufe kuɗin kwalejin har da canji. Shi ya sa yawancin ɗaliban waɗannan kwalejoji ba sa cin bashin ma gaba ɗaya. Wanda ya ci, a ce dala 10,000, da ruwan kusan kashi 6.5 cikin 100, zai riƙa biyan wajen dala 114 a wata har shekara 10. A ƙasar da bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6 a wuyan mutum sama da miliyan 40, wannan kuɗin cefane ne.

Albashin ne ke buƙatar a tsaya a kansa, domin nan ne alƙaluman ke ruɗar mutum.

Duba sunayen kwalejojin da ke yawan fitowa a sama: Lee College a Baytown, San Jacinto College a Pasadena, Brazosport College a Lake Jackson, College of the Mainland a Texas City. Dukkansu a gaɓar tekun jihar Texas suke, kewayen birnin Houston. A Baytown ExxonMobil ke da ɗaya daga cikin manyan matatun man ƙasar. Dab da Lake Jackson, a Freeport, kamfanin Dow ya shimfiɗa masana'antar sinadarai mai girman gari guda. Abin da ake koyarwa a waɗannan azuzuwa, duk da sunan kimiyya da ke kan takardar, shi ne tafiyar da injinan matata. Kamfanonin ne ke ba da kayan koyo, suna da baki a manhaja, su ne kuma ke ɗibar yaran. Cibiyar horon da San Jacinto ta buɗe a 2019 ma sunan kamfanin LyondellBasell ke jikinta.

Aikin kuwa ga yadda yake. Ƙarfe uku na dare, mutum na zaune a ɗakin lura gaban jerin allunan kwamfuta, idonsa a kan ma'aunin zafi da na matsi. Abokin aikinsa na waje, da hular kwano da rediyon hannu da rigar da wuta ba ta kamawa da sauri, yana hawa tsani yana sauka, yana taɓa bututu, yana sauraren famfo ko ƙararsa ta canza. Awa 12 ake yi a jere, wannan makon rana, wancan dare, ranar biki da ranar hutu duk ɗaya. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna mai irin wannan aiki a matatar mai yana ɗaukar sama da dala 90,000 a shekara idan aka ɗauki na tsakiya, kuma kuɗin ƙarin awanni na ƙara kumbura aljihun. Ba banza ake biyansa ba. A Texas City ɗin nan, a watan Maris na 2005, matatar BP ta yi bindiga, mutum 15 suka mutu.

To ɗauki wani yaron da ya karanta kwas mai suna iri ɗaya a wata jihar da babu matata. Shi zai ƙare ne a ɗakin gwaje-gwaje, da farar riga da tabarau, yana ɗiban ruwa ko fenti ko magani a 'yar kwalba, yana aunawa, yana rubuta sakamako. Aiki ne mai mutunci, ana kwana a gida, amma albashin na tsakiya bai cika dala 60,000 ba. Mai gwajin ruwa da iska don kare muhalli na samun kusan dala 50,000. Mai aiki a tashar nukiliya ya haura dala 100,000, sai dai guraben kaɗan ne. Takarda iri ɗaya, tsawon karatu ɗaya, amma wani na ninka wani.

Ra'ayina ke nan: yawancin wannan albashi na maƙwabtaka ne. Kwalejin ta yi nata, ba na raina ta, domin ba a damƙa wa wanda bai san komai ba injin da zai iya tashi da unguwa. Amma in ka tumɓuke wannan kwaleji da malamanta da manhajarta ka dasa ta inda babu hayaƙin masana'anta, alƙaluman za su faɗi warwas. Kuma maƙwabcin yana iya tashi. LyondellBasell ɗin da sunansa ke jikin cibiyar horo ya rufe matatarsa ta Houston a 2025, bayan ta shekara sama da 100 tana aiki.

Akwai kuma waɗanda lissafin bai gani ba. Albashin da ake wallafawa na waɗanda suka kammala ne, cikin waɗanda suka karɓi tallafi ko bashin gwamnatin tarayya. Kwas mai ɗalibai kaɗan kuwa ɓoye alƙalumansa ake yi don kada a gane mutum. Alhali cikin masu shiga kwalejojin al'umma, waɗanda ke samun wata shaida a cikin shekara shida ba su kai rabi ba. Lissafi da kimiyyar sinadarai na kayar da wasu, wasu kuma aiki da renon yara ne ke cinye su. Abin mamaki, masu ƙaramin bashi sun fi masu babba kasa biya, saboda yawancinsu su ne suka bar karatun a tsakiya: ga bashi, babu takarda. Bashin karatu kuma a Amurka da wuya kotu ta yafe shi ko da mutum ya karye.

Duk da haka, in ɗana ne a Baytown, kuma yana iya jure aikin dare, ba zan hana shi ba. Cinikin ya yi. Zan dai tambayi kwalejin mutum nawa suka fara bara, nawa suka gama, kuma wane kamfani ya ɗauke su. Masu tura wa 'yan'uwa hoton waɗannan alƙaluma ta WhatsApp kuma su sani cewa ɗalibin da ya je da bizar karatu ba ya samun Pell, ba ya samun bashin gwamnati, kuɗin makarantarsa ma na baƙo ne, ya ninka na ɗan gari.

Amurkawa sun fara ɗaure bashi da sakamako. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta tanadi cewa kwas ɗin da masu kammala shi suka kasa ɗara masu shaidar sakandare samu zai iya rasa bashin gwamnati. Ina da ja a kan auna ilimi da albashi kaɗai, malamin makarantar yara ba zai taɓa kamo ma'aikacin matata ba. Amma aƙalla akwai ma'auni a ƙasa.

A Najeriya, asusun NELFUND ya fara ba ɗalibai bashi a 2024, babu ruwa a kai, za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi shekara biyu bayan bautar ƙasa. Dubban yara na karanta fasahar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaduna, Kano, Bauchi da sauransu, ga matatar Kaduna ta daɗe a kwance, ta Dangote kuma tana can Legas. Yaron da zai sa hannu a takardar bashi ya cancanci a nuna masa inda yayyensa na wannan kwas suka ƙare. Hukumar fansho ta PenCom tana da bayanan abin da ake cire wa ma'aikata duk wata, makarantu kuma suna da sunayen waɗanda suka yaye. A haɗa biyun a wallafa, kwas bayan kwas, har da adadin waɗanda aka nema a rajistar fansho ba a same su ba.