Ajin da babu kujerar ɗan ƙanwata

Shekarar ɗan ƙanwata bakwai, makarantu uku sun sallamo shi. A ta ƙarshen, shugabar ta kira uwarsa ofis ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yaron nan ruƙiyya yake buƙata." Laifinsa kuwa, da an kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci, in malama ta ɗaga bulala ya hau buga kai da bango. Likita ya ce galahanga ce, wato autism, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Yaron nan fa in ka zube masa murafun kwalba zai jera su launi-launi, ka ɗauke ɗaya a ɓoye sai ya gane.

Kowa cewa yake a kai shi makarantar masu buƙata ta musamman. To wacce? Ta Tudun Maliki a nan Kano da kurame da makafi aka san ta, shi kuma yana gani, jin ma yawa ya yi masa. Cibiyoyin kuɗi na Abuja da Legas, mai jiran albashi ko leƙe ba ya yi. Sai a ƙare da kulle yaro a ɗaki don gudun bakin mutane, kuma mu faɗi gaskiya, nan yawancinmu muka tsaya.

Ni dai ban ga amfanin gina musu wata makaranta can bayan gari ba. A ware ɗaki guda a firamaren unguwa, yara biyar ko shida, ba hayaniya, a manna hotunan ayyukan yini a bango don yaro ya san abin da ke tafe. Lokacin tara ya fita cikin 'yan uwansa, wanda ya iya zaman babban aji a riƙa shigar da shi kaɗan-kaɗan. Malaman akwai su: Jami'ar Bayero na da sashen ilimi na musamman, ga kwalejin horar da malamai ta Oyo da wannan ne aikinta. Dokar hana wariya ga masu naƙasa ma tun Janairun 2019 Buhari ya sa mata hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga, ku lissafa firamare mai ɗalibai dubu.

Yanzu ƙanwata wata malama take biya tana zuwa gida sau uku a mako. Ya fara nuna hoton kofi in yana jin ƙishi. Amma kullum da safe yana tsaye a bakin taga, yana kallon yayyensa sun sa yunifom sun fita.