Ni da Windows 7 da sabuwar kwamfuta

Jama'a ni fa in na saba da abu ba na sakinsa, shi ya sa da na tara kuɗi na sayo sabuwar kwamfutar tebur don shagona, Core i5 ƙarni na 10, ko ledar ban gama cirewa ba na ce sai na goge Windows 10 na sa Windows 7. Dalilina kuwa tsohuwar firintata, wadda ta girmi wasu yaran layinmu, na yi imani da 7 kaɗai take shiri. Ƙanina ya ce "Yaya, Microsoft fa ta daina kula da 7 tun Janairun 2020." Na ce da tsohuwar zuma ake magani, kai dai ja kujera ka ga aiki.

Na soka filashi, na shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, na kashe Secure Boot na kunna CSM don ta yarda da tsohuwar Windows, ina wani hura hanci, allon nan ya fito yana tambayata yare. Na ja maus, shiru. Na danna kibod, shiru, ko ɗan hasken nan nata babu. Na zare na mayar, na busa, na canza rami har huɗu kamar mai dara. Ashe Windows 7 ta fito ne a 2009, ba ta san USB 3.0 ba, su kuma sabbin injinan nan duk ramukansu ta can suke bi.

Haka na hau adaidaita cikin rana tsaka sai Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano, neman kibod mai zagayen baki, PS/2, irin mai kai shunayya. Wani mai shago ya dube ni ya ce "Alhaji gidan tarihi za ka buɗe?" Daga ƙarshe dai aka zaƙulo min wata a ƙasan kwali, ƙura har ta cika tsakanin haruffa.

Na dawo ta yi aiki, na danna gaba, sai abin ya ce wai bai ga direban filashi ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Filashin da shi kansa ya taso daga ciki fa! Sai da ƙanina ya tausaya ya cusa direbobin USB da na NVMe, sabuwar ma'ajiyar kwamfutar, a cikin filashin, bayan isha'i 7 ta hau. Na yi kabbara. Sai ga ƙananan hotunan nan na allo kowanne kamar faifai, don Intel ba ta yi wa hoton wannan furosesa direban 7 ba, ga babu intanet, babu sauti.

Washegari da safe na ce masa a hankali, mayar min da 10 ɗin. Bai ce uffan ba, ya mayar, ya jawo wayar firintar ya soka, minti biyu ba a yi ba ta fara fitar da takarda.

Ya ce "Yaya, da ma ka taɓa gwada ta a 10?"

Na ce tashi ka sayo mana ƙosai.